Takardar bango mai zanen tayil ba ta ɓoye karkataccen layi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarku domin mu ja hankalin masu gida da masu sana'ar ƙawata ɗaki kan takardar bango da ake yayi yanzu, wadda ake buga wa zanen tayil da tangaran na mutanen dā. Tana da kyau, babu musu. Sai dai a cikin duk takardun bango ita ce ta fi saurin tona asirin aikin ganganci, kuma dalilin yana cikin zanen kansa.

Yawancin zanen daga wurare uku aka kwaso shi. Shuɗi a kan fari ya samo asali daga tangaran ɗin garin Jingdezhen na ƙasar Sin, inda tun ƙarni na 14 ake zana kwanoni da sinadarin kobalt. Da kamfanin cinikin Holan da aka kafa a 1602 ya fara jigilar waɗannan kwanoni zuwa Turai, sai maginan garin Delft suka kwaikwaye su, suka riƙa yin tayil mai faɗin kimanin santimita 13, da ɗan hoto a tsakiya da ƙaramin ado a kowace kusurwa. Na biyu shi ne na Iznik a Turkiyya, wanda ya kai ganiyarsa a ƙarni na 16: furanni, dogayen ganye masu baki irin na zarto, shuɗi da kore da wani ja mai tudu. Masallacin Sultan Ahmed na Istanbul, da aka fara ginawa a 1609, yana ɗauke da irin wannan tayil sama da 20,000. Na uku shi ne zalij na Fas a Maroko da na fadar Alhambra a Sifaniya, inda ake sassaƙa ƙananan gutsattsari da hannu a jera su su fitar da taurari masu kusurwa takwas ko goma sha biyu.

Duka ukun a kan layi suka tsaya. Magini yana da damar sassauta tazarar da ke tsakanin tayil da tayil ya haɗiye ɗan kuskure, mai liƙa takarda kuwa ba shi da wannan damar, domin an riga an buga tazarar a jikin takardar. Adon kusurwa na Delft sai kusurwoyi huɗu sun haɗu yake cika, kuma sau da yawa a daidai mahaɗar falle biyu yake faɗawa. Layukan tauraron zalij su ma suna ƙetare mahaɗa. Zamewar milimita biyu, wadda za ta ɓace a cikin zanen ganye barkatai, a nan daga bakin ƙofa ake hangenta.

Shi ya sa lissafi ke gaba da saye. Naɗin da aka fi samu yana da faɗin santimita 53 da tsawon mita 10.05. A jikin takardar bayanin da ke kansa za a ga tazarar maimaicin zane, wato nisan da ake yi kafin zanen ya sake dawowa. A ɗauki bango mai tsayin mita 2.4 da faɗin mita 4. A ƙara santimita 10 na datsa sama da ƙasa, ya zama mita 2.5. Faɗin bangon zai ci falle takwas. Idan takarda ce marar haɗin zane, naɗi ɗaya zai ba da falle huɗu, naɗi biyu sun gama aikin. Amma idan zanen Iznik ne mai maimaicin santimita 64, dole kowane falle ya kai maimaici huɗu cif, wato mita 2.56, sai naɗin ya ba da falle uku kacal, a buƙaci naɗi uku. Wanda bai sa maimaicin zane a lissafinsa ba, takarda za ta ƙare masa aiki bai kai kusurwa ba. Akwai kuma zanen da falle na biyu ke sauka da rabin maimaici. Shi ya fi cin takarda, kuma dabarar rage asara ita ce a buɗe naɗi biyu ana yanka daga wannan sannan daga wancan.

A saya gaba ɗaya, a ƙara naɗi guda na ajiya, a kuma duba lambar bugu ta zo ɗaya a duka. Shuɗi a kan fari ba ya jure bambancin bugu ko kaɗan: farin wani naɗin zai ja zuwa ruwan madara, na wani zuwa toka, kuma ba za a lura ba sai sun bushe gefe da gefe.

Bango shi ne rabin aikin. Sabuwar filastar siminti tana buƙatar aƙalla mako huɗu ta bushe, fiye da haka idan iska na da danshi. In an yi gaggawa, laimar za ta maƙale a bayan takarda, fumfuna ta fito baƙi-baƙi a mahaɗa. A cike ramuka, a goge da sanfefa, a share ƙura, sannan a shafa share-fage, wato shafin farko da ke rage tsotson bango, ko gam mai ruwa-ruwa domin kada bango ya tsotse gam kafin a daidaita falle. Idan bangon fenti mai sheƙi ne, sai an kankare sheƙin da sanfefa gam zai kama. Bango mai dabbare-dabbare kuwa a fara yi masa fenti fari ko a liƙa takardar shimfiɗa a kwance, domin farar takarda tana nuna abin da ke ƙarƙashinta.

Kada a yarda da kusurwar ɗaki ko gefen ƙofa a matsayin ma'auni, da wuya su miƙe. A rataya zare mai nauyi a ƙarshensa, ko a sa lebur, a ja layi tsaye da fensir, falle na farko ya bi wannan layin. A zanen tayil akwai ƙarin mataki da mutane ke tsallakewa: a auna tsayin bangon a wurare uku. Idan silin ya karkata, a tsara yadda jerin sama zai zama rabin tayil ko fiye, ba siririn yanki ba, domin yanki mai santimita 3 a wannan gefe da 1 a wancan shi ne abin da ido zai fara kamawa. A bangon da ya fi fitowa fili, a fara daga tsakiya a yi dama da hagu.

Shafa gam iri biyu ne bisa nau'in takarda. Wadda bayanta takarda ce zalla, ita ake shafa wa gam, a ninke ta gam na kallon gam, a bar ta ta jiƙa gwargwadon mintunan da aka rubuta a jikinta. Kowane falle ya sami lokaci ɗaya, domin takarda tana buɗewa idan ta jiƙa; falle da ya yi minti biyar da wanda ya yi goma sha biyar ba za su haɗu ba. Wadda bayanta zare-zare ne kuwa bango ake shafa wa gam, ba ta buɗewa, kuma ita muke ba da shawara ga zanen zalij. A fara haɗa zane daga daidai tsayin ido, a lallaɓa da buroshi daga tsakiya zuwa gefe, ba tare da jan takardar ba. A kusurwa a bar santimita ɗaya zuwa biyu ta zagaya, a ja sabon layi tsaye a ɗaya bangon. A riƙa sauya reza akai-akai, a goge gam da ya fito da soso mai ɗan laima nan take. A kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki har kwana ɗaya ko biyu, don bushewa da sauri ce ke buɗe mahaɗa. Wajen soket, a kashe wuta tukuna.

Kamanninta da tayil na sa wasu su kai ta bayan murhu ko wurin wanka. Takarda ce, ko mai rufin roba ce ruwa zai shiga ta mahaɗa. Alamar igiyar ruwa da ke jikinta tana nuna iya gogewar da za ta jure, alamar rana kuma juriyarta ga haske.

Abu na ƙarshe ya shafi zaɓi. Tayil ɗin masallatai da fadoji da dama suna ɗauke da rubutun Larabci, wani lokaci ayoyi ko sunayen Allah, kuma wasu masu bugawa suna kwafe su a matsayin ado ba tare da sanin abin da suka ƙunsa ba. Aikin takardar bango yanka ne da datsa da zubar da guntaye. A warware naɗin a karanta kafin a biya kuɗi.

Wassalam,
Wasu masu sana'ar liƙa takardar bango