Sanarwa kan saitin Monza na wannan mako

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Gasarmu ta F1 24, wasan bidiyo na tseren motoci, ta ranar Asabar a Monza, filin tsere na ƙasar Italiya, za a yi ta, bayan sallar isha'i. Don Allah kowa ya turo hoton saitin motarsa kafin daren Alhamis, tare da lokacin zagayensa mafi kyau.

Monza tsawonta kilomita 5.793 ne, kuma yawancinta miƙaƙƙiyar hanya ce, don haka a sauke fukafukin gaba da na baya, masu sa iska ta danne mota a ƙasa, sosai. Amma kar a wuce gona da iri. Jiya na sauke nawa har ƙasa, motar tana gudu kamar iska, sai ga bayanta yana zamewa a Parabolica, doguwar kwanar ƙarshe, sitiyari na rawa a hannuna. Da na ƙara wa na baya maki biyu, ta zauna daram.

Wurin da ya fi damuna shi ne kwanar farko. Nan ake cin birki da ƙarfi, tayar gaba ta kulle, a daki motar da ke gaba. Idan taka na kullewa, mayar da nauyin birki baya kaɗan.

Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a yi zagaye biyar, sannan a rubuta sakamako. Mai wasa da kwantirola ya faɗa mana da shi yake wasa, mai sitiyari ma ya faɗa, don saitinsu ba ɗaya ba ne.

Allah ya kai mu.