Wasiƙa zuwa ga aminina a Amurka

Assalamu alaikum Malam Sani,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya iyali, ya sanyin can? Mu nan lafiya ƙalau, sai zafi.

Albishirinka. Ka tuna yarinyar nan da muka koyar a aji uku, wadda ba ta barin ɗakin gwaje-gwaje sai an kore ta? Yanzu lakcara ce a tsangayarmu ta harhaɗa magunguna, shekararta huɗu da fara aiki, kuma makon jiya aka karrama ta saboda bincikenta a kan tsirran da masu maganin gargajiya ke ba masu sikila. Wallahi da aka kira sunanta sai da na share ƙwalla. Na san yadda aikin ya fito: da albashinta take sayen sinadarai, sau biyu kuma samfuranta suka lalace a firji saboda rashin wuta, ta koma farko.

Takarda ce kawai aka miƙa mata da tafi. Ta ji daɗi ƙwarai, amma da na dawo gida sai na tuna abin da ka taɓa ba ni labari, cewa ƙungiyar makarantun famasi ta Amurka, AACP, tana haɗa wa sababbin malamai lambar yabo da kuɗin fara bincike. Hikimar ke nan. Matashi yana da ƙarfi da zumuɗi, jarin farko ne ba shi da shi, kuma manyan masu ba da tallafi sai sun ga sakamako a ƙasa kafin su saki ko kwabo.

Mu kuwa mun saba jira sai mutum ya yi furfura. Ko a duniya ma haka ne wani lokaci. Tu Youyou ta Sin ta fitar da sinadarin atemisinin, na maganin zazzaɓin cizon sauro, daga tazargade tun farkon shekarun 1970, amma kyautar Nobel ba ta zo ba sai 2015, tana da shekara 84. Ga kuma maganin Niprisan da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa don masu sikila, da masoro da kanumfari da karan dafi a cikinsa, kayan da ke jibge a kasuwanninmu. Irin wannan hanyar ɗalibarmu ta ɗauko, kuma ina tsoron kada gajiya ta sa ta ajiye, ko wata ƙasa ta ɗauke mana ita.

Don haka ga roƙona. Mu 'yan ajinmu mu haɗa wani abu duk shekara, ko da na sayen sinadarai da batirin sola ne, a riƙa ba malami ɗaya da bai wuce shekara biyar a aiki ba. Na yi wa mutum uku magana, sun amince. Kai za ka tuntuɓi waɗanda ke can, kuma ka turo mini ƙa'idojin da AACP ke bi wajen tantancewa kafin Sallah.

A gaida Hajiya da yara.

Naka,
Bashir