Mai niyyar zuwa Kolorado, ga shawarata

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi wa masu zuwa Amurka yawon buɗe ido tsokaci kan jihar Kolorado, don na lura mutanenmu in sun je daga Niyok sai kanti sai gida.

Abu na farko, kar ka sauka Denver, babban birnin jihar, yau ka ce gobe za ka hau dutse, garin kansa yana kan tudu mita 1,609 daga saman teku, iskar shaƙa ta yi ƙaranci a can, sai ka ji kanka na sarawa kana haki kamar ka yi gudu. Huta kwana biyu, ka sha ruwa sosai.

Daga nan sai dutsen Pikes Peak, mai tsawon mita 4,302 daga saman teku, kuma ba dole sai da ƙafa ba, akwai jirgin ƙasa daga garin Manitou Springs har ƙololuwa. Kusa da shi ga Garden of the Gods, jajayen duwatsu tsaitsaye, shiga kyauta ne. Amma ni wallahi wanda ya fi tafiya da hankalina shi ne Great Sand Dunes, tulin yashi sama da mita 200 ga duwatsu masu ƙanƙara a bayansa, yara da manya na ta sulu a kan katako. Mesa Verde ma kar a bari, gidajen mutanen zamanin da ne a jikin dutse.

Mai hawa da ƙafa a watan Yuli ko Agusta ya fita da asuba, don bayan azahar tsawa take sauka a saman duwatsun nan.

Naku,
mai karanta jaridarku kullum