Mai sayen babur na hannu, duba takarda da ƙashi kafin fenti

Assalamu alaikum Malam Edita.

Muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana da 'yan uwanmu na Zango a nan Kumasi, musamman matasan Aboabo da Asawase da Sabon Zango masu tara kuɗi don sayen babur na hannu, wanda a nan aka fi kira moto. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, mai saye sai ya ƙarar da ƙarfinsa wajen ciniki a kan fasasshen madubi ko yagaggiyar kujera, abubuwan da kuɗi kaɗan ke gyarawa, ya bar abu biyu da duk faɗin Suame Magazine, matattarar masu gyaran mota da babur, babu wani fita, wato makanike, da zai raba shi da su: takarda mai matsala da ƙashin babur da ya karkace.

A fara da takarda tun kafin a taɓa makulli. Lambar shasi tana jikin wuyan babur, inda kai ke juyawa, galibi haruffa da lambobi 17. Ta inji kuma tana gefen hagu daga ƙasa, kusa da abin sa giya. Ka goge wuraren da tsumma, ka karanta ɗaya bayan ɗaya kana dubawa a takardar DVLA, hukumar rajistar ababen hawa. In ka ga wurin ya yi santsi fiye da kewayensa, ko an shafa masa sabon fenti, ko haruffan ba su hau layi ɗaya ba, an kankare an sake bugawa ne, ka kama gabanka. Sunan da ke takarda ya zo daidai da Ghana Card na mai sayarwa. In ya ce na wansa ne da ya yi tafiya, a jira wan ya dawo. Babur ɗin da bai taɓa samun lamba ba kuwa, a nemi shaidar biyan kwastan, don akwai masu shigowa ta iyakar Togo da Burkina ba tare da an biya ba, kuma arharsu ita ce tarkon. Ranar biyan kuɗi a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, aya ta 282 a Suratul Baƙara ma ta ce a kafa shaida in an yi ciniki, sannan a je DVLA tare a canza suna.

Sai inji. Ka je da sassafe, ka ce kada a tayar kafin ka iso, kuma da zuwanka ka ɗora bayan hannunka a kan injin. In ka ji ɗumi an riga ka, domin inji mai zafi yana ɓoye wuyar tashi da ƙarar bawul da hayaƙin farko. Ka zare sandar auna baƙin mai ka murza man a tsakanin yatsu biyu. Wanda ya yi kauri yana ja kamar zuma, an zuba shi ne don ya danne ƙara. Wanda ke ƙyalli da ƙurar ƙarfe, wani abu na cin kansa a ciki. Wanda ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, abin da ke yawan faruwa da babur ɗin da ya faɗa ambaliya da damina. Waɗannan injinan na 125 da 150 kusan lita ɗaya suke ci, don haka ƙaramin yoyo ma ba abin rainawa ba ne, ka leƙa ƙasan inji da gindin silinda.

Ka danna kik da ƙafa a hankali. Inji mai lafiya zai turje maka a wani wuri, wanda ringinsa ya mutu kuwa kik zai zarce ƙasa salin-alin. In ya tashi, ka tsaya bayan salansa wani ya ba shi wuta. Shuɗin hayaƙi mai warin ƙonannen mai yana nufin ringi ko robar bawul sun gama aiki, aikin buɗe inji ke nan. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, sau da yawa wankin kafireta ko canjin matatar iska ya wadatar. Ɗan farin tururin da ke ɓacewa cikin minti biyu da safe ba komai ba ne. Daga nan a kwance fulogi: bakinsa ya zama ruwan ƙasa kuma a bushe. In ya jiƙe da baƙin mai, ya gaskata shuɗin hayaƙin. In kuma sabo ne fil a jikin tsohon babur, ka tambayi dalili. Matatar iska ma a buɗe ta, domin babur ɗin da ya yi shekaru a jar ƙurar hanyoyin Tamale ko Bawku da yagaggen soso ya sha yashi, kuma yashi ke cinye ringi da silinda.

Kada ka yarda da kilomitan da agogo ya nuna, kebul ɗinsa kan tsinke a bar shi shekara. Robar matakin ƙafa da ta hannu da abin taka birki sun fi shi faɗin gaskiya.

Ƙashi shi ne inda muke so a daɗe. A ɗora babur a kan babban sitan, ka tsuguna ta baya kamar taku biyar, ka dubi tayar baya da ta gaba ko suna kan layi ɗaya. Ka haska wuya da ƙarƙashin tanki da fitilar waya: waldar kamfani siririya ce a jere, ta gyara kuwa tana da ƙulli-ƙulli, kuma sau da yawa fentin wurin ya fi sauran sheƙi. Babur ɗin da aka buga wuyansa aka miƙar da wuta ba ya komawa daidai, zai riƙa cin taya ta gefe ɗaya yana jan ka zuwa kwata. Wani ya danne baya don tayar gaba ta tashi, ka juya kai dama da hagu. In yana maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ne, wannan mai sauƙi ne. Ka kama tayar baya da hannu biyu ka girgiza ta gefe, in ta yi wasa, boris ko bushin ne. Ka shafa yatsa a sandunan shokozoba na gaba, in ka ɗebo mai, robar ta fashe, in kuma sandar ta yi tsatsa ko ta lanƙwashe, sabuwar roba ma ba za ta daɗe ba.

Sarƙa ta yi wasa sama da ƙasa santimita 2 zuwa 3. Ka ja ta baya daga jikin sifiroket, in rabin haƙori ya bayyana ta miƙe, kuma ita da sifiroket biyu ake canzawa tare. Jikin taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke faɗin shekarunta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta wuce shekara biyar ko ta tsattsage a gefe, ka cire kuɗin sabuwa daga ciniki. Batir kuma, in fita ya sa mita, ya nuna wajen bolt 12.5 a kashe, ya hau tsakanin 13.5 da 14.5 in an ba da wuta. In bai hau ba, caji ba ya zuwa.

Daɗin hawa ba a gane shi a zagaye ɗaya na ƙofar gida. Ka nemi minti ashirin, ka bi kwalta, ka bi hanya mai ramuka, ka hau tudun rage gudu, kuma ka ɗauki mutum a baya, tunda da iyali ko da kaya za ka riƙa yawo. Shokozobar baya da ta mutu takan buga ƙasa da ƙara, ko ta yi ta lilo bayan an wuce rami. A giyar ƙarshe kana tafiya a hankali ka murɗa wuta gaba ɗaya: in inji ya yi ihu gudu bai ƙaru ba, kuloci na zamewa. Giyar da ke fita da kanta in an matsa mata, wannan aikin raba inji ne, ka guje shi. Wajen gudun kilomita 60 a awa ka lura ko hannunka na mutuwa don karkarwa. Ka sassauta riƙon kai a miƙaƙƙiyar hanya mara cunkoso ka ji ko yana ja gefe. Ƙafafunka biyu su iya taɓa ƙasa, don a cunkoson shataletalen Suame ko Kejetia tsayuwa ta fi tafiya yawa. Soson kujera da ya kwanta har kana jin ƙarfe, masu ɗinkin kujera za su sake shi da arha, kada wannan ya hana ka babur mai lafiya.

A ganinmu, wanda abin da ke hannunsa kaɗan ne ya tsaya kan irin su Boxer da Haojue da Apsonic da Royal, waɗanda kayansu ke ko'ina kuma kowane fita ya san cikinsu. Babban babur na waje yana da kyan gani, amma ƙaramin abu in ya lalace sai ya kwana wata a jingine. Fitan da zai duba maka ya zama naka, kai ka biya shi, kada ka ɗauki wanda dillali ya kawo. Kada kuma ka zuba duk kuɗinka a ciniki: ka ware na inshora da canjin suna da hular kwano biyu, da na juye baƙin mai da sabon fulogi da takalmin birki a makon farko, ko da mai sayarwa ya rantse jiya ya canza.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya tsare mu a kan hanya.

Daga wasu masu gyaran babur,
Aboabo, Kumasi.