Mu Dawo Da Dakuwa Cikin Jakar 'Yan Makaranta

Assalamu alaikum, Malam Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana da 'yan'uwana iyaye mata, da kuma iyaye maza masu ba da kuɗin cefane.

Ni malamar firamare ce a Gumel, kuma uwar 'ya'ya biyar. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da nake gani a ajina kullum. Da ƙarfe sha ɗaya ta yi, sai ka ga yara sun fara kifa kai a kan benci. Ba rashin tarbiyya ba ne, yunwa ce. Wasu sun fito da kofin koko kawai a cikinsu. Waɗanda aka ba kuɗin tara kuwa, biskit da alewa da lemon leda suke saya a bakin ƙofar makaranta, su ji daɗi na ɗan lokaci, kafin a shiga darasi na huɗu cikin ya sake kiran ciroma. A gida ma ban tsira ba. Babban ɗana da ke tuƙa adaidaita sahu ya ɗauki ɗabi'ar shan lemon gwangwanin nan da ake cewa yana ƙara kuzari, biyu ko uku a wuni, ba tare da ya ci wani abin kirki ba. Na karɓi gwangwanin na karanta abin da aka rubuta a jikinsa: sukari ne da sinadarin kafin mai hana barci. Abin gina jiki babu ko kaɗan. Ranar da ya ce mini zuciyarsa na bugawa da sauri da daddare, ban runtsa ba.

Wannan ne ya mayar da ni ga turmin kakata. Allah ya jiƙanta, idan kakanmu zai tafi cin kasuwar Maigatari ko zai yi doguwar tafiya, ba ta taɓa barinsa ya fita ba guzuri. Dakuwa take kirɓa masa, ta ƙulle a tsumma mai tsabta, ya jefa a aljihun 'yar-shara. Curi biyu da ruwan gora sun kai shi la'asar. Yanzu sai ga 'yata ta nuna mini a waya yadda Turawa ke mulmula gyaɗa da dabino su ci kafin motsa jiki, suna murnar cewa ba sai an kunna tanderu ba. Na ce mata wannan ai dakuwa ce, mu muka ajiye ta. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai zan faɗi gaskiya: dakuwar da ake talla a faranti yau, yawancinta gari ne da sukari da barkono, gyaɗar 'yar kaɗan ce saboda tsada. Tana da daɗi, amma ba ta riƙe ciki yadda ya kamata. Abin da ke riƙe ciki, ya gina tsoka, ya sa yaro ya girma, shi ne sinadarin furotin. A cikin giram 100 na gyaɗa akwai furotin kimanin giram 25. Waken suya ya fi ta, yana kai giram 36. Riɗi, wanda Allah ya hore mana a nan Jigawa har ana loda shi zuwa ƙasashen waje, yana da kusan giram 18. Madarar gari tana da wajen giram 26. Dabino kuwa giram 2 kacal yake da shi, aikinsa zaƙi ne da ba da ƙarfi nan take, da kuma haɗe kayan su dunƙule. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Babban mutum mai nauyin kilo 60 yana bukatar kusan giram 48 a rana. Duk wanda ya san farashin nama da kiret ɗin ƙwai tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ya san gidaje da yawa ba daga nama za su samu wannan ba.

Ga yadda nake yin tawa, da gwangwanin madara nake awo. Gyaɗa gwangwani huɗu, waken suya biyu, riɗi ɗaya, dabinon da aka cire wa ƙwallo biyu, madarar gari ɗaya idan da hali. Sai busasshiyar citta, kanumfari kaɗan, ɗan gishiri, da barkono ga mai so. Idan manya ne za su ci nakan ƙara masoro.

Ba a gasa ta, ba a dafa ta, ba a tsoma ta a mai. Amma kada wata ta ɗauka cewa wuta ba ta taɓa kayan sam. Gyaɗa da riɗi da waken suya, kowanne sai an soya shi a busasshen kasko, kuma daban-daban, domin kowanne da lokacinsa. Riɗi za a wanke a rege shi sosai saboda tsakuwa, a shanya, sannan a soya a wuta kaɗan. Da ya fara tsalle yana ƙamshi a sauke, minti ɗaya na sakaci ya isa ya yi ɗaci. Gyaɗa da yashi mai tsabta nake soya ta don kada ta ƙone ta waje cikinta da saura, in murje, in fece ɓawon a faifai.

Waken suya ne ke son haƙuri, kuma a nan na yi kuskure a karon farko. Na soya shi sama-sama saboda ina sauri, na kai inji. Yaran suka ci, da yamma duka suna kukan kumburin ciki, ƙaramar ma har da gudawa. Na ji zafin abin ƙwarai, don da hannuna na ba su. Wata ma'aikaciyar jinya maƙwabciyata ce ta fahimtar da ni cewa ɗanyen waken suya yana ɗauke da wani sinadari da ke hana ciki narkar da furotin, kuma zafin wuta ne ke kashe shi. Tun daga nan nake tsince shi, in wanke, in tafasa shi kamar minti ashirin, in murje ɓawon ya tafi da ruwa, in shanya ya bushe ƙarau, sannan in soya a hankali ina juyawa har ya koma ruwan ƙasa, idan ka tauna ya fashe kamar gyaɗa, ƙarnin nan ya tafi. Daga nan sai inji, a niƙa ya yi laushi, in tankaɗe. Aiki ne, shi ya sa nake yin tiya guda a lokaci ɗaya in ajiye garin a roba mai murfi, ya kai ni wata.

Ranar kirɓi, dabino ne ke fara shiga turmi. Idan mai laushi ne sai a daka shi ya zama kamar ƙulli. Idan busasshe ne irin wanda ake kawowa daga Agadas, a farfasa shi a daka ya zama gari, kada a jiƙa. Wannan ƙa'ida ce da ba na karyawa: ruwa ba ya shiga dakuwa, ko ɗigo, kuma hannu ma a bushe yake taɓa ta. Ruwa ne ke kawo tsami da fumfuna. Sai a zuba gyaɗa a yi ta kirɓawa har ta fara fitar da mai, turmin ya canza murya, taɓarya ta fara kamawa. Lokacin ne ake zuba garin waken suya da riɗi da kayan ƙamshi, madara a ƙarshe. Man gyaɗar da kansa ne zai haɗa komai. Idan ta ƙi dunƙulewa, a ƙara gyaɗa ko cokali ɗaya na man ƙuli. A mulmula kamar girman ƙwan zabuwa. Wannan awon yana ba ni curi ashirin da biyar ko kusa da haka, kuma a lissafina kowane curi bai gaza ƙwai ɗaya ba wajen furotin. A lokacin hunturu tana yi mini mako biyu a roba ba firji. Da damina ko bazara kuwa ta kwana biyar kawai nake yi.

Wadda ba ta da kuɗin madara ta bar ta, ba dole ba ce. Wadda gyaɗa ta yi wa tsada ta daka ƙuli-ƙuli mai kyau ta haɗa rabi da rabi, domin mai aka matse daga cikinsa, furotin ɗin yana nan, har ya fi yawa a awo. Mai son aya ta soya ta ƙara don ɗanɗano, amma ta sani aya ba ta kai gyaɗa gina jiki ba.

Malam Edita, akwai abin da ya fi duk wannan muhimmanci a wurina, shi ne zaɓen gyaɗa. Mu mata muna son sauƙi, kuma a kasuwa akwai gyaɗar da ake warewa gefe, fasasshiya, motsattsiya, mai baƙi-baƙi, ana sayar da ita da rahusa. Da yawa ita ake saya a yi ƙuli da dakuwar talla, da tunanin cewa in an daka ba wanda zai gane. Wallahi wannan ganganci ne da lafiyar yara. Gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba, ko aka ajiye a wuri mai laima, tana kama wata fumfuna mai fitar da guba da ake kira afulatoksin. Gubar nan tana lalata hanta a hankali, tana cikin abubuwan da ke jawo kansar hanta, kuma tana da hannu a tsumburewar yara. Abin tsoron shi ne suya ba ta kawar da ita, dafuwa ma haka. Ga mu kuma a ƙasar da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, idan su biyun suka haɗu a jiki haɗarin ya ninka. Don haka ina zama da faifai in tsince gyaɗata ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta canza launi, ko ta motse, ko ƙwaro ya huda, ko ta yi ɗaci a baki, zubarwa nake yi. Ko kaji ba na ba wa. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da wani abu mai suna Aflasafe da manomi ke watsawa a gona kafin gyaɗa ta yi fure, yana rage gubar sosai, amma manoma nawa ne a ƙauyukanmu suka taɓa jin sunansa? Ƙasar da ta tara dalar gyaɗa a Kano bai kamata a ce 'ya'yanta na cin tarkacen gyaɗa ba.

Wani zai ce mene ne abin rubuta wasiƙa a kan dakuwa. To ya duba abin da ake ba yara masu tamowa a asibitocinmu, wannan na cikin leda mai suna Plumpy'Nut. Wani likitan yara Bafaranshe, André Briend, yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi a 1996, kuma a yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi amfani da shi a Maraɗi ta ceto dubban yara. Me ke ciki? Markaɗaɗɗiyar gyaɗa, madarar gari, sukari, mai, da ƙarin sinadarai. Ba a dafa shi, ba a sa masa ruwa, shi ya sa ba ya saurin lalacewa. Hikimar da ke cikin turmin kakanninmu ke nan. Amma a fahimce ni: dakuwata ba magani ba ce. Yaron da ya rame, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko gashinsa ya yi ja yana karyewa, asibiti za a kai shi ranar, a auna damtsensa. Tawa ta rigakafi ce, don kada a kai ga can. Kuma ina roƙon manyan da ke sayen wannan leda ta bayan fage suna shanyewa su ji tsoron Allah, haƙƙin yaro mara lafiya ne.

Akwai waɗanda ba a ba wa haka kawai. Ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara uku ba na ba su curi, sai in marmasa a cikin kunu, saboda gudun shaƙewa. Wadda ke sa zuma a maimakon dabino kada ta ba jaririn da bai cika shekara ba. Mai ciwon sukari ya rage dabinon sosai, ya kuma tambayi likitansa. Yaron da ke yin borin jini ko kumburin baki idan ya ci gyaɗa, a nisanta shi da ita gaba ɗaya.

Yanzu kowace safiya 'ya'yana uku na fita da curi bibbiyu a jaka, kuɗin tara kuma na rage shi zuwa na ruwa. Shi babban yana ajiye nasa a aljihun adaidaita, ya ce idan ya ci biyu da hantsi yana kaiwa azahar ba tare da jiri ba. Lemon gwangwanin bai daina gaba ɗaya ba tukuna, amma ya dawo ɗaya a wasu ranakun, kuma ina ci gaba da yi masa magana. A watan azumin da ya wuce da ita muka riƙa ƙarasa sahur. Akwai marayu biyu a ajina da nake zuwa musu da nasu ranar Litinin da Alhamis, iyakar abin da albashina ya iya ke nan.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka tura wakilinku kasuwar Dawanau ko ta Maigatari ya ga inda gyaɗar da aka ware take tafiya, ya kuma tattauna da malaman gona su yi wa manoma bayanin busarwa da ajiya da Hausar da kowa zai gane, kafin kakar bana ta shigo. Na gode da wannan dama.

Wassalam.

Daga wata malamar firamare,
Gumel, Jihar Jigawa.