Rahoton shekara: abin da muka gani a fina-finanmu kan taɓin hankali

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi. Kamar yadda muka yanke a mitin ɗin farkon shekara, aikin bana shi ne mu zauna mu kalli fina-finan Kannywood da masu dogon zango na YouTube da Arewa24, mu riƙa rubuta yadda ake nuna mai taɓin hankali a ciki. Kwamitin kallo ya yi ƙoƙari sosai, wasu ma da datarsu suka yi aikin, Allah ya saka.

Abin da ya fi damun mu shi ne kusan kullum hoto ɗaya ne, tsumma a jiki, gashi a cukurkuɗe, yana yawo a bola yara na bin sa da jifa, in ba don a ba mutane dariya ba to sakayya ce, mugu ya yi asiri ya koma masa. Warkewa kuma a sin ɗaya ake yin ta, an yi ruƙiyya ya miƙe shikenan. Ba mu ce a daina addu'a ba, mu ma muna yi. Amma da wuya ka ga an nuna mutum yana zuwa ganin likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware, yana shan maganinsa yana zuwa kasuwa abinsa, alhali irin waɗannan suna nan a unguwanninmu. Ciwon damuwa da rikicewar da ke kama wasu mata bayan haihuwa kam da kyar ake tunawa da su, farfaɗiya kuma har yanzu ana haɗa ta da hauka, wannan ya yi mana ciwo wallahi.

Ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, mun yi zama da wasu marubuta labarin fim, muka karanta musu wani sashe na dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 mai ɗauke da kalmar mahaukata a sunanta. Sun saurara sosai, wani ma ya nemi mu duba masa labarin da yake rubutawa.

Fassarar dokar zuwa Hausa ba ta kammala ba, asusu ne ya yi ƙasa. Ita za mu sa a gaba a baɗi, sannan mu kai bayananmu ga hukumar tace fina-finai ta Kano. Masu bashin kuɗin wata don Allah a tuntuɓi ma'aji kafin mitin na gaba.