Rahoton Ayyukan Shekarar 2024: Zaɓin Makaranta da Tallafin Karatun 'Ya'yanmu a Greensboro

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, da sauran 'yan uwa mambobi, kwamitin gudanarwa yana gabatar muku da bayanin abin da ƙungiya ta yi daga Janairu zuwa Disamban 2024 a kan aikin da kuka ɗora mata, wato taimaka wa iyalanmu 'yan Nijar da Najeriya da Ghana mazauna birnin Greensboro da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka da kewayensa wajen zaɓa wa yara makarantar da ta dace da su, da kuma nema wa masu ƙaramin ƙarfi hanyar biyan kuɗinta. Lissafin abin da ya shiga asusu da abin da ya fita yana cikin rahoton ma'aji, wanda za a karanta daban.

Mafi yawan aikin shekarar 2024 ya ta'allaƙa ne ga tallafin jihar Karolina ta Arewa da ake kira Opportunity Scholarship, wanda ke biyan kuɗin makarantu masu zaman kansu. Majalisar dokokin jiha ta kafa shi a 2013, kotun ƙolin jiha ta tabbatar da halaccinsa a 2015, kuma tun farko domin 'ya'yan talakawa aka yi shi. Kasafin kuɗin 2023 ya sauya masa fasali: daga shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 an cire iyakar samun iyali, an kuma cire sharaɗin cewa sai yaro ya taɓa zama a makarantar gwamnati. An raba masu nema gida huɗu. A waccan shekarar karatu, rukuni na farko, wanda ga iyali mai mutum huɗu ke nufin samun da bai wuce dala 57,720 a shekara ba, ya sami har dala 7,468 ga kowane yaro. Na biyu dala 6,722. Na uku dala 4,480. Na huɗu kuma, wanda samunsa ba shi da iyaka, dala 3,360.

A watan Fabrairu, lokacin da hukumar tallafin karatu ta jiha ta buɗe shafin nema, mun kafa tebur bayan sallar Juma'a da kuma ranakun Asabar da yamma, inda matasanmu masu karatu a jami'a suka zauna da kwamfutocinsu suna cike wa iyaye fom. Abin da ya fi cin lokaci shi ne tabbatar da samun iyali. Wanda ke aiki a masana'anta ko ma'ajiyar kaya yana zuwa da takarda ɗaya a gama masa cikin mintuna, amma direban da ke ɗaukar fasinja ta manhajar waya, da mai kitso, da mai sayar da kayan miya na gida, sukan zo da takardun haraji da rasitai cike da jaka, sai an baje su a kan tebur an bi su ɗaya bayan ɗaya kafin a san a wane rukuni suka faɗa. Wasu iyaye mata sun zo ba su da adireshin imel nasu na kansu, sai na miji ko na babban ɗa, alhali ta imel hukumar ke aiko da tayi, kuma tayin yana da wa'adin karɓa. Saboda haka muka buɗe wa kowace uwa nata, muka kuma riƙa tura tunatarwa da murya cikin Hausa da Zabarmanci da Faransanci a zauren WhatsApp na ƙungiya.

Sakamako ya fito a farkon bazara, kuma ya raba mambobinmu gida biyu. Sababbin masu nema a faɗin jihar sun kai kimanin 72,000, kuɗin da aka ware bai ishe su ba, saboda haka aka fara da rukuni na farko, yara kimanin 13,500, aka bar fiye da 50,000 a jerin masu jira. Galibin iyalanmu suna rukuni na farko, sun samu. Waɗanda abin ya ritsa da su su ne gidajen da miji da mata ke aiki, wani lokaci aiki biyu-biyu, har samunsu ya ɗan haura iyaka suka faɗa rukuni na biyu. A takarda ba talakawa ba ne, amma duk wanda ya san abin da suke biya na haya da inshora da abin da suke aikawa Yamai ko Maraɗi ko Kano a kowane wata ya san ba su da rarar da za su biya kuɗin makarantar yara uku. Wasu sun mayar da yaran makarantar gwamnati a watan Agusta, wasu sun ci bashi suka biya zangon farko suna jiran abin da majalisa za ta yi.

A nan ne kwamiti ya fuskanci shawara mafi nauyi a wannan shekara, kuma ya zama dole mu yi muku bayaninta dalla-dalla, domin mun san har yanzu akwai waɗanda ba su gamsu ba. A watan Satumba majalisa ta zartar da ƙudiri mai lamba 10, wanda ya ware kimanin dala miliyan 463 domin share jerin masu jira. Amma a cikin wannan ƙudiri aka saka wani sashe da ya tilasta wa shugabannin tsaro na gundumomi haɗa kai da hukumar shige da fice ta tarayya, har su riƙe mutumin da ta nema na tsawon awa 48 idan an kama shi da wasu laifuffuka. Gwamna Roy Cooper ya hau kujerar na ƙi, yana mai cewa ana kwashe kuɗin makarantun gwamnati, musamman na karkara, ana ba masu hali. Majalisa kuma ta tsallake shi a ranakun 19 da 20 ga Nuwamba. An nemi ƙungiyarmu ta sa hannu a takardar goyon bayan ƙudirin baki ɗayansa, kwamiti ya ƙi. A cikinmu akwai iyalan da suka amfana da kuɗin, akwai kuma iyalan da ɗaya sashen ya hana barci, wani lokaci ma gida ɗaya ne. Abin da muka yi shi ne rubuta wa 'yan majalisar da ke wakiltar gundumar Guilford, inda Greensboro take, na jam'iyyun biyu, cewa muna goyon bayan biya wa yaran da ke jira, muna kuma roƙon a raba batun karatu da batun shige da fice. Ba a raba ba. Mambobinmu da ke jira sun sami tallafin, aka kuma lissafa musu har da zangon da suka riga suka biya.

Ra'ayin kwamiti a kan faɗaɗa shirin shi ne, ƙofar da aka buɗe wa kowa ba lalle ta ƙara wa talaka komai ba. Dokar tana ba wanda ya riga ya sami tallafi fifiko a shekara mai zuwa kafin a duba sababbi. Ma'ana, attajirin da ya shiga a watan Nuwamba yana gaban ɗan sabon baƙon da zai nema karo na farko a 2025, kuma duk shekarar da kuɗi suka gaza, wannan yaron ne zai jira. Wannan shi ne babban abin da za mu ci gaba da bugawa a kai a Raleigh, babban birnin jiha, tare da neman a fitar da fom da bayanai cikin Faransanci, da kuma a tilasta wa makarantun da ke karɓar kuɗin jama'a su bayyana sakamakon jarrabawar ɗalibansu yadda uba zai iya kwatantawa.

Asusun tallafi na ƙungiya, wanda gudummawarku ta wata-wata da sadakar watan Ramadan ke riƙe da shi, ya tafi ne kan abubuwan da tallafin jiha ba ya taɓawa. Makarantu masu zaman kansu ba su da tilas su ba da motar ɗaukar yara ko abincin rana kyauta, kuma wasu kuɗinsu ya zarce abin da jiha ke biya. Mahaifin da ya tashi daga aikin dare da asuba shi ne zai kai yara ƙarfe bakwai da rabi, ya kwanta awa kaɗan, ya koma ɗauko su. Mun biya wa marayu da 'ya'yan zawarawa cikon kuɗin makaranta, mun sayi yunifom da littattafai, mun kuma tsara karɓa-karɓar kai yara tsakanin maƙwabta, wadda iyaye mata suka riƙe da kansu kuma ta fi duk abin da muka kashe wa kuɗi amfani.

Muna tunatar da 'yan uwa cewa ƙungiya ba ta tallata wata makaranta, ta Islamiyya ce ko waninta. Akwai iyalan da muka ba shawarar su bar yaransu a makarantun gwamnati na gundumar Guilford, musamman waɗanda suka iso kwanan nan da yaran da ba su jin Turanci, domin a can doka ta wajabta a koyar da su harshen, haka nan ta wajabta kula da yara masu buƙata ta musamman. Mun kuma taimaka wa wasu neman gurbi a makarantun gwamnati na musamman da kuma makarantun chata (na kuɗin gwamnati da masu zaman kansu ke gudanarwa), waɗanda kyauta ne amma ta ƙuri'a ake shiga idan masu nema sun yi yawa. Ga yara masu naƙasa akwai wani asusun jiha daban mai dala 9,000 a shekara, har zuwa 17,000 ga wasu larurori, sai dai kaɗan daga cikin iyayenmu ne suka yarda a tantance yaransu, kuma muna roƙon malamanmu su taimaka wajen kawar da wannan kunyar.

Sabon gwamna, Josh Stein, ya hau mulki a watan Janairun 2025, kuma jam'iyyar Rifablikan ta rasa kujera ɗaya daga rinjayen da take tsallake gwamna da shi a majalisar wakilai, don haka adadin kuɗin shirin zai iya zama abin ciniki a kasafin 2025. Za a sake buɗe shafin nema a watan Fabrairun 2025. Duk mai neman taimako ya zo teburin Juma'a da takardun harajinsa na 2024, da shaidar zama a jihar, da wayar da imel ɗinsa ke ciki. Waɗanda suka riga suka samu kuma su duba saƙon sabuntawa su amsa kafin wa'adi ya ƙare. Muna kuma buƙatar ƙarin masu sa kai da ke jin Zabarmanci da Fulatanci, su ba sakatare sunayensu bayan taro.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa